Ita ke koya wa sababbi aiki, su ake ɗagawa: me ƙanwata za ta yi a Houston?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar aiki a Amurka. Ƙanwata tana aiki a wani kamfani a Houston, sashen da ke lissafin kuɗin asibiti da inshora. Shekararta huɗu a wurin. Duk sabon da aka ɗauka ita ake haɗa shi da ita ta koya masa, amma mutum biyu da suka wuce ta hannunta an ba su shugabancin rukuni, ita tana inda take. Ta farko baturiya ce, na biyun baƙar fata ne namiji, wata biyar ke nan da ɗaga shi. A rahoton ƙwazonta na shekara alƙaluman aikinta sun fi na kowa, amma manajarta ta rubuta cewa tana da zafi, ta gyara yadda take magana. Ta kuma taɓa ce mata da baki wai mai hijabi ta fi dacewa da aikin ciki, ba zama da abokan ciniki ba. Kwanan nan ta gano albashinta bai kai na wanda ta koya wa aiki ba tun ma kafin a ɗaga shi. Ga shi tana da ciki wata huɗu, tana tsoron faɗa.

A gida kowa cewa yake ta yi haƙuri, kada ta rasa abincinta. Ni kuma ina son sanin wanne ne ya saɓa doka a cikin waɗannan, wanne ne rashin kirki kawai, kuma ta ina za ta fara.

Barista Hadiza

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Kafin komai ku ɗauko kalanda, domin wata biyar ɗin da kika ambata shi ne ya fi tayar min da hankali.

Dokar da ta hana nuna bambanci a wurin aiki saboda launin fata, jinsi, addini ko ƙasar asali ita ce Title VII ta 1964, kuma tana hawa kan duk kamfanin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. Ba a zuwa kotu da ita kai tsaye, sai an fara shigar da ƙorafi a hukumar EEOC, hukumar tarayya da ke karɓar ƙorafin wariya a wurin aiki. Wa'adin kwana 180 ne, ya kan kai 300 a jihar da ke da tata hukumar, kamar Texas. Amma idan tana son ta ci moriyar dokar jihar Texas ita ma, wannan kwana 180 ne cif. Lissafin yana farawa ne daga ranar da aka sanar da ita cewa ba ita aka ba muƙamin ba. Wata biyar kusan kwana 150 ne, saura mata kamar wata guda a ɓangaren jiha. Ƙarin girman farko da aka ba baturiyar, idan ya haura kwana 300, ya fita daga abin da za a nemi diyya a kansa ta wannan hanya, sai dai a kawo shi a matsayin shaidar yadda aka saba yi.

Inda mutane suka fi faɗuwa: suna cike tambayoyin da ke shafin EEOC na intanet su ɗauka sun shigar da ƙorafi. Ba su shigar ba. Sai an yi hira da jami'i, an rubuta takardar ƙorafin, ta sa hannu. Ranar hirar kan yi nisa, don haka idan wa'adi ya matso ta tuntuɓi ofishinsu na Houston ta faɗa musu ranar da zai cika. Kuma kai ƙorafi ofishin HR na kamfani, wato ofishin kula da ma'aikata, ba ya tsayar da wannan lissafi ko da kwana ɗaya.

Na biyu, abin da za ta rubuta. Kamfanin zai ce: mun ɗaga mace, ga baturiya, mun ɗaga baƙar fata, ga namijin, ina wariyar? Wannan tsohuwar hujja ce. A 1976 aka yanke hukunci a ƙarar da wasu mata baƙar fata biyar suka kai kamfanin General Motors a St. Louis, shari'ar da aka sani da DeGraffenreid. Kamfanin bai fara ɗaukar mata baƙar fata ba sai bayan 1964, da aka zo rage ma'aikata bisa daɗewa a aiki su aka fara sallama. Alƙali ya ce su zaɓa, ko wariyar launi ko ta jinsi, ba za su haɗa biyun ba. A kan wannan shari'a da ire-irenta Farfesa Kimberlé Crenshaw ta gina bayaninta na 1989, cewa mace baƙar fata tana iya faɗawa tsakanin dokoki biyu kowacce ta ce ba nata ba ne. Abin da zai amfani ƙanwarki shi ne a 1980 kotun ɗaukaka ƙara ta biyar, wadda Texas ke ƙarƙashinta, ta yanke a shari'ar Jefferies, wadda a Houston ɗin ta taso, cewa ana iya nuna wa mata baƙar fata bambanci ko da maza baƙar fata da fararen mata suna samun ci gaba a wurin. Saboda haka ta zaɓi launi da jinsi da addini, da ƙasar asali idan an taɓa yi mata magana a kan harshenta, sannan a cikin bayanin ta rubuta ƙarara cewa an yi mata haka ne a matsayinta na mace baƙar fata Musulma. Abin da ba ta ambata a ƙorafin ba, lauyan kamfani zai nemi kotu ta hana ta kawo shi daga baya.

Na uku, takarda. Yau da wuya a samu manajan da zai rubuta kalmar wariya da hannunsa. Ana gane ta ne ta kwatance: wa aka ba, wa aka hana, me aka ce dalili, dalilin ya tsaya ko ya yi ta canzawa. Ta sayi littafin rubutu nata na kanta, ba a kwamfutar ofis ba. Duk abin da ya faru ta rubuta a ranar: kwanan wata, lokaci, wuri, wanda ya yi magana, kalmomin da ya faɗa yadda ya faɗe su, da waɗanda ke wurin. Maganar hijabin nan ta zauna yau ta rubuta iya abin da ta tuna. Ta adana rahotannin ƙwazonta na duk shekarun, takardun albashi, sanarwar muƙaman biyu, da duk saƙon yabo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka sallami mutum a nan take ake rufe masa imel.

Gargaɗi mai ƙarfi, tunda lissafin asibiti take yi: kada ta tura wa kanta ko fayil ɗaya mai ɗauke da sunan majinyaci, kada ta ɗauki hoton allon da ke nuna shi. Dokar HIPAA, ta sirrin majinyata, ta kare bayanan, kuma wannan kaɗai ya isa a kore ta da hujja mai tsabta, ƙararta ta raunana. Haka fayilolin wasu ma'aikata da ba ta da izinin buɗewa.

Na huɗu, ta kai ƙorafi cikin gida a rubuce, ta hanyar da littafin dokokin kamfani ya tsara. Kalmomin suna da muhimmanci. Idan ta ce manaja ba ta yi min adalci, doka ba ta ba ta kariya ba, domin rashin adalci kawai ba laifi ba ne. A Texas, kamar kusan duk jihohi in ban da Montana, ana iya korar ma'aikaci ba tare da dalili ba matuƙar dalilin ba haramtacce ba ne. Idan ta ce ina ganin ana nuna min bambanci saboda launina da jinsina da addinina, daga ranar duk wani mataki na ramuwar gayya laifi ne mai zaman kansa, ko da daga baya ba a tabbatar da asalin ƙorafin ba. Kimanin rabin ƙorafe-ƙorafen da EEOC ke karɓa a shekarun nan suna ɗauke da zargin ramuwar gayya, kuma sau da yawa shi ya fi sauƙin tabbatarwa, saboda kwanakin suna magana da kansu.

Kada ta ajiye aiki cikin fushi. Wanda ya tafi da ƙafarsa sai ya nuna cewa zaman ya kai inda mai hankali ba zai jure ba, kuma kotuna sun tsaurara wannan ma'auni.

Anti Zulai

Barista ta gama da ɓangaren doka. Ni ta ɓangaren ofishin ma'aikata zan shigo, kuma zan fara da abin da ba a son faɗa: HR na kamfani ne. Aikinsa ya kare kamfani daga asara. Wani lokaci hakan na nufin ya tsawata wa manaja, wani lokaci ya taya ta shirya takardu. Ƙanwarki ta shiga wurinsu da ladabi da hujja, kada ta shiga kamar wurin ƙawa.

Maganar tana da zafi ba sabuwa ba ce, kusan kowace mace baƙar fata da ta daɗe a ofisoshin Amurka ta san ta. Namiji ya faɗi ra'ayinsa kai tsaye a ce yana da halin shugabanci, ita ta faɗi irinsa a ce tana da faɗa. Illar irin wannan rubutu ita ce ba ya aunuwa, ba ta da yadda za ta nuna ta gyara, kuma shi za a karanta a taron da manajoji ke zama su jera ma'aikata, taron da ba ta ciki. Maganinsa ta mayar da shi abin aunawa. Ta rubuta wa manajar imel mai sanyi: na gode da rahoton, ina son in gyara, don Allah a ba ni misali biyu ko uku da ranakunsu inda maganata ta kawo matsala, da yadda ake son in yi. Ɗayan biyu zai faru. Ko a kawo misali na gaskiya ta amfana, ko a kasa, rashin amsar ya zauna a rubuce. Yawancin kamfanoni suna barin ma'aikaci ya haɗa martaninsa da rahoton. Ta rubuta shafi ɗaya, alƙaluma zalla: fayil nawa ta kammala, kuskure kashi nawa, mutum nawa ta horar, su waye.

Sai tambaya ta biyu, ita ma a rubuce: mene ne sharuɗɗan zama shugaban rukuni, wanne ne ban cika ba, yaushe za mu sake zama a kai? Ta nemi rana takamaimai, kwana 90 misali. Bayan kowace ganawa ta aika gajeren saƙo: ga abin da na fahimta mun tsayar. Kuma ta tabbata tana neman muƙamin a hukumance duk lokacin da aka tallata. Da yawa suna jira a lura da su, ranar ƙorafi kamfani ya ce ai ba ta nema ba.

Matakin farkon nan shi ne inda aka fi tsayar da mata irinta. Rahoton kamfanin McKinsey da ƙungiyar LeanIn na 2023 ya nuna cewa a duk maza 100 da aka ɗaga zuwa manaja karon farko, mata 87 aka ɗaga, mata baƙar fata kuwa 54. Wadda ba ta hau matakin farko ba ba za a gan ta a na biyar ba. Shi ya sa sai a 2009 aka samu mace baƙar fata ta farko da ta shugabanci ɗaya daga manyan kamfanoni 500 na ƙasar, Ursula Burns a Xerox.

Koyar da sababbi kuma, a kula. Aiki ne da kamfani ke buƙata amma ba kasafai ake saka shi a ma'aunin ƙarin girma ba, tare da shirya biki, rubuta bayanan taro da zama a kwamitin jin daɗin ma'aikata. Kada ta ƙi yi kai tsaye, sai a ce ba ta da haɗin kai. Ta nemi a rubuta shi cikin manufofinta na shekara da sunansa, a ce jagorancin horarwa ne, sannan ta nemi aiki guda ɗaya da manyan sama ke gani, wanda ya shafi kuɗin shiga ko babban abokin ciniki. Tana kuma buƙatar wani babba da zai ambaci sunanta a ɗakin da ba ta ciki. Mai ba da shawara daban, mai tsaya maka daban. Ana samun na biyun ne ta hanyar yi wa wani babba a wani sashe aikin da ya gani da idonsa, sannan a faɗa masa a fili muƙamin da ake nema.

Albashi: doka ta ba ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu damar tattauna albashinsu da juna tun dokar ƙwadago ta 1935, in dai ba masu kula da wasu ba ne. Duk dokar ofis da ta hana hakan ba ta da ƙarfi. Texas ba ta tilasta rubuta albashi a tallar aiki ba, amma Colorado, Kalifoniya, Washington da New York sun tilasta, don haka ta duba tallar irin aikinta a can ta ga iyakar da ake biya, ta rage bambancin tsadar gari. Giɓin gaske ne: mace baƙar fata mai cikakken aiki tana samun ƙasa da santi 70 a duk dalar da farar fata namiji ke samu.

Alama ɗaya da za ta sa ido a kai: idan bayan ƙorafi aka miƙo mata takardar shirin gyara aiki na kwana 30 ko 60 ko 90, alhali shekara huɗu ba a taɓa kuka da aikinta ba, ta sa hannu a kan cewa ta karɓa, ta rubuta kusa da sa hannun cewa ba ta amince da abin da ke ciki ba kuma martani na tafe, ta kai wa lauya a makon.

Malam Sani Dallas

Duk abin da Barista da Anti suka faɗa daidai ne, amma ina da ja a kan abu guda. Mun tara wa baiwar Allah nan aiki: ta rubuta, ta adana, ta tausasa murya, ta nemi mai tsaya mata, ga ciki, ga aikinta na asali. Wanda ya ɓata tsarin kuma ba mu ba shi ko ɗaya ba. A zauren nan akwai masu ɗaukar ma'aikata, akwai masu kamfanonin kula da tsofaffi da na sufuri, to da ku nake.

Bambancin yana farawa tun kafin a ga fuska. A binciken Bertrand da Mullainathan na 2004 an aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago, cancanta iri ɗaya, suna kawai aka canza. Masu sunan fararen fata sun fi samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Wani binciken na 2021 ya aika sama da 80,000 zuwa manyan kamfanoni kusan ɗari, ya tarar bambancin yana nan, amma ya taru ne a wasu kamfanoni, wasu kuma kusan babu. Ma'ana ba ƙaddara ba ce, yadda aka tsara ɗaukar aiki ne ke bambanta su.

Gyaran ba ya buƙatar taron wayar da kai na awa biyu, wanda ake yi a manta. A rubuta sharuɗɗan muƙami kafin a ga masu nema, kada a rubuta su bayan an riga an zaɓi mutum a zuci. A tallata kowane muƙami a cikin gida, ko na riƙo ne, domin riƙon ƙwarya da aka ba wani a asirce shi ne gobe zai zama gogewar da za a ce ita ba ta da ita. A yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, masu tantancewa kowa ya ba da makinsa shi kaɗai kafin su tattauna, in ba haka ba babban cikinsu ya yi magana saura su bi. A rahoton ƙwazo duk sifar hali sai da misali da rana, in babu a goge. Sau ɗaya a shekara a jera albashi bisa muƙami da shekarun aiki, a raba shi ta launi da jinsi a haɗe. Idan aka duba mata daban, baƙar fata daban, alƙaluman za su yi kyau alhali mata baƙar fata suna ƙasa. Kuskuren alƙalin 1976 ne a cikin jadawali. Kuma a daina tambayar mai neman aiki nawa ake biyansa a baya, domin wadda aka danne a wurin farko da dannewar za ta yi ta yawo. Jihohi da dama sun haramta tambayar.

Wasu suna cewa tun da aka soke umarnin shugaban ƙasa mai lamba 11246, wanda ya tilasta ɗaukar matakan daidaito wajen ɗaukar aiki, a Janairun 2025, kamfanoni kuma suka rufe shirye-shiryensu na daidaito, zancen ya ƙare. Umarnin ya shafi 'yan kwangilar gwamnatin tarayya ne. Title VII dokar majalisa ce, tana nan daram, kuma duk gyaran da na lissafa bai fifita kowa ba.

Hajiya Rabi Bronx

Maman Ilham, maganar cikin nan kada a bar ta a baya. Ɓoyewa ba ya kare ta, sanarwa a rubuce ce ke kare ta, domin kamfanin da bai sani ba zai ce bai sani ba. Ta aika imel ga manaja da HR tare, ta ajiye kwafi.

Tun 27 ga Yunin 2023 akwai dokar tarayya ta masu juna biyu, PWFA, a kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama. Tana da haƙƙin a sauƙaƙa mata: lokacin zuwa awo, ƙarin hutun shiga bayi, ajiye ruwa kusa, zama ko tsayuwa yadda jiki ya so, rage ɗaukar nauyi. Ƙananan irin su ruwa da bayi ba sa buƙatar takardar likita. Ba a kuma yarda a tura ta hutun dole ba idan akwai sauƙin da zai bar ta ta ci gaba da aiki. Hutun haihuwa na FMLA, dokar tarayya ta hutun iyali da rashin lafiya, mako 12 ne ba albashi, amma aikinta da inshorar lafiyarta suna nan. Sharaɗi: ta yi wata 12 a wurin, ta yi awa 1,250 a shekarar da ta wuce, kamfanin yana da ma'aikata 50 a cikin mil 75. Ta ba da sanarwa kwana 30 kafin ta tafi. Texas ba ta da hutun haihuwa mai albashi na jiha irin na New York, don haka ta duba ko tana cikin inshorar rashin lafiya ta gajeren lokaci ta kamfani. Galibi tana biyan wani kaso na albashi na mako shida, takwas idan tiyata aka yi. Bayan ta dawo, har shekara guda tana da haƙƙin lokacin tatsar nono da ɗaki mai sirri wanda ba bayi ba.

Kada ta yi wasa da awo don tsoron manaja. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC na 2023 sun nuna mata baƙar fata 50 ke rasuwa a duk haihuwa 100,000, fararen mata kusan 15. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, gani dishi-dishi, a bar aiki a tafi asibiti.

Hijabi kuwa, Kotun Ƙoli ta yi hukunci a 2015 a shari'ar Samantha Elauf, wadda kantin Abercrombie ya ƙi ɗauka a Tulsa saboda ɗankwalinta, kuma kantin ya sha kaye. A 2023, a shari'ar Groff, kotun ta ce kamfani ba zai ƙi sauƙaƙa wa addini ba sai ya nuna zai jawo masa asara mai yawa. Cewa abokan ciniki ba za su so ba, ba hujja ba ce, kuma ɓoye mai hijabi a aikin ciki shi kansa wariya ne.

Ga 'yan'uwa masu zuwa aiki da kitso: a 2010 wani kamfani a Alabama ya janye aikin da ya ba Chastity Jones saboda ta ƙi yanke gashinta mai murɗi, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ba kamfanin gaskiya a 2016. Irin wannan ya haifar da dokar CROWN, mai hana wariya saboda kitso ko yanayin gashi. Kalifoniya ta fara a 2019, New York ta bi, Texas ta shiga a Satumbar 2023, yanzu jihohi sun haura 20. Ta tarayya ta wuce majalisar wakilai a 2022 ta maƙale a ta dattawa, don haka kowa ya duba jiharsa.

Mu kuma tuna yawancin matanmu a nan Bronx ba a ofis suke ba, aikin kula da tsofaffi a gida suke yi. Wadda ake ba takardar haraji ta 1099 maimakon W-2 ta ma'aikata an ɗauke ta 'yar kwangila, Title VII ba ta rufe ta ba. Idan hukumar da ta tura ta ce ke tsara mata awanni da yadda za ta yi aikin, akwai yiwuwar an yi mata rajista ba daidai ba, a kai maganar ma'aikatar ƙwadago ta jiha. A jihar New York dokar hana wariya ta hau kan kowane mai ɗaukar aiki komai ƙanƙantarsa.

Maman Ilham

Allah ya saka da alheri, na tura mata duka. Barista, tambaya biyu: za ta iya naɗar muryar manajar a waya? Sannan ta tuna ta sa hannu a wata takarda ranar da aka ɗauke ta, wai duk rigima sai dai sasanci, ba kotu ba. Kuma kuɗin lauya fa?

Barista Hadiza

A Texas da New York doka ta yarda mutum ya naɗi zancen da yake ciki. A Kalifoniya, Florida, Pennsylvania da Maryland sai kowa ya yarda, kuma idan kiran waya ne da wanda ke can, a ɗauka dokar can za ta iya hawa. Amma halaccin naɗi bai hana kamfani korar ta ba idan dokar ofis ta haramta, ga kuma haɗarin sunan majinyaci ya shiga ciki. Imel ɗin da ke cewa ga abin da kika faɗa min yau ya fi aminci.

Takardar sasancin, wato arbitration, inda wani mai shiga tsakani ke yanke hukunci a maimakon kotu, mai yiwuwa tana aiki, kotuna suna mutunta su. Ba ta hana ta zuwa EEOC ba, kuma wa'adin bai canza ba. Tun 2022 ba a tilasta sasanci a ƙarar cin zarafin jima'i, amma wariyar launi ba ta cikin wannan togaciya. Ta nemi kwafin takardar daga HR.

Lauyoyin ma'aikata da yawa ba sa karɓar kuɗi sai an ci, su ɗauki kaso, galibi daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi 40. Ta je da shafi biyu na jerin abubuwan da suka faru da ranakunsu. Ta tambaye shi abu uku. Na farko sashe na 1981, tsohuwar dokar 1866: launi da asali kawai ta rufe, ba jinsi ko addini ba, amma ba ta bi ta EEOC, wa'adinta kan kai shekara huɗu, kuma ba ta da iyakar diyya, alhali a Title VII diyyar ɓacin rai da ta horo tana tsayawa a dala 50,000 ga kamfani mai ma'aikata 100 ko ƙasa, dala 300,000 ga mai sama da 500, ban da albashin da aka rasa. Ta hanyar sashe na 1981 ɗin ƙarin girman farko ma yana iya dawowa cikin lissafi. Na biyu dokar daidaita albashi ta 1963, tunda wanda ya fi ta albashi a aiki iri ɗaya namiji ne: wa'adi shekara biyu, uku idan da gangan ne. Na uku, tun dokar Lilly Ledbetter ta 2009 kowane albashin da aka biya ta a danne sabon wa'adi ne, amma wannan na albashi ne kaɗai, bai shafi ƙarin girman ba.

Idan EEOC ta ba ta takardar izinin zuwa kotu, kwana 90 gare ta daga ranar da ta same ta, kuma ta shafinsu ake turowa, ta riƙa dubawa. Idan aka miƙo mata kuɗin sallama da takarda, kada ta sa hannu a ɗakin. A cikinta akwai yafe duk wata ƙara. Idan kuma zamanta a ƙasar ya rataya ne a kan bizar aiki irin H-1B, kwana 60 kawai ake ba wanda aikinsa ya ƙare, sai ta haɗa da lauyan shige da fice kafin ta aika ƙorafin farko.